Matajin da Na Tsinta a Dengfeng

Wannan labari ba ji na yi ba, a kaina ya faru, kuma Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a Guangzhou ina saro wandunan jins a Xintang ina aika wa yayana Kano. Ɗakina na hawa na shida a wani tsohon bene a unguwar Dengfeng, ƙofata na kallon ta wani dattijon Bature mai koyar da Turanci, sunansa Diklan, ni dai Baba nake ce masa.

In kana son ganin ɓacin ran mutumin nan, ce masa Baturen Ingila. Sai ya ajiye kofin shayi ya ce shi ɗan Ayalan ne, jinin Kelt, suna da harshensu da waƙoƙinsu tun Ingilishi bai san hanyar tsibirinsu ba. Ni kuma don tsokana in ce, "Baba, Bature ai Bature ne." Yana da wani littafi da yake rubuta labaran kakarsa da harshen nasu, ya ce duk danginsa sun ƙare, saura shi. Na sha jin sa yana karantawa da ƙarfi shi kaɗai, wai don kada bakinsa ya manta.

Wata Talata da hantsi ina saukowa sai na ga mataji a kan matakala, fari kamar azurfa, da wani zane na igiya da ta sarƙe, ba farko ba ƙarshe. Ina gani na ce wannan ai dagi ne, matan Kano za su yi rububinsa. Kun san halinmu a garin nan, duk abin da ido ya gani samfur ne. Ban tambayi kowa ba, na zare wani dogon farin gashi da ke maƙale a jikinsa na yar, na wuce Xintang na miƙa wa wani laban, wato mai kamfanin da ke buga mana maɓallan ƙarfe, na ce ya duba ko zai iya fitar da irinsa.

Tun a jirgin ƙasa ina dawowa na fara jin wani kuka. Mace ce, ba ihu take ba, kuka ne mai ja kamar waƙa, ya hau ya sauka, kuma kullum daga bayan kafaɗata. Na waiga, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Da la'asar matata ta kira ni, ta ce 'yarmu Hanifa mai shekara biyar ta tashi da zazzaɓi. Muna cikin magana sai ta ce, "Abban Hanifa, wace ce ke kuka kusa da kai?" Wallahi ni kaɗai ne a ɗakin.

Kwana uku yarinya na asibiti, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, ta daina ci, ta daina magana, sai dai ta riƙa kai hannu tana shafa gashinta. Ni kuwa fasfona na wurin sabunta biza, ba damar in tafi. Na yi karatu, na yi sadaka, wani malami ɗan Maraɗi a unguwar Xiaobei ya yi mini tofi, amma kukan sai ƙara matsowa yake. Ban taɓa jin tsoro da rashin dabara irin na kwanakin nan ba.

Ranar Juma'a da safe Baba Diklan ya tarar da ni zaune a matakala ina hawaye. Na gaya masa komai, sai na ga fuskarsa ta canja.

"Ka tsinci wani abu a nan?" in ji shi.

Na ce mataji.

Ya zauna kusa da ni. Sannan ya ce a ƙasarsu ko ɗan yaye ya san ba a ɗaukar mataji a ƙasa, don akwai wata mata da ke bin tsofaffin gidaje, in ajalin wani nasu ya matso sai ta zo tana taje gashi tana masa kuka. "Ni ta zo wa," ya ce. "Na zaci ba za ta ƙetare teku ba. Ka ɗauke mata abinta, shi ya sa ta juya gidanka."

Ni Musulmi ne, na san aljanu gaskiya ne, kuma na san rai a hannun Allah yake, amma a lokacin ko cewa aka yi in tafi Kano a ƙafa zan kama hanya. Na koma Xintang ana tsuga ruwa, laban ya ce "meyo, meyo", babu, wai ya aika wa ƙanensa mai zubin ƙarfe a wata unguwa. Na durƙusa gaban laban ɗin nan a cikin taɓo, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena, na nuna masa hoton Hanifa a waya. Bai gane maganata ba amma ya gane fuskata, ya ɗauko babur ya goya ni har wurin ƙanen nasa muka karɓo matajin.

Da na dawo da matajin rana ba ta faɗi ba. Baba ya aro awartaki wurin masu gyaran babur, ya ce da ƙarfe ake miƙa mata, ba da hannu ba. Ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya buɗe taga. Na ce ya bari ni da na ɗauka in mayar, ya ce, "A'a ɗana, baƙuwata ce." Na gane abin da yake nufi sarai, kuma ban ƙara cewa komai ba. Wannan shirun yana cina har yau.

Ya karanta wasu kalmomi da harshensu, ya miƙa awartakin waje. Hawa na shida ne fa, jama'a, ba baranda ba komai. Na ga an fizgi hannunsa har ya yi taga-taga, da ya jawo awartakin bakinsa ya lanƙwashe, mataji babu, kukan kuma ya ɗauke ɗif. Ba a jima ba matata ta kira tana dariya tana kuka, wai Hanifa ta buɗe ido ta ce a ba ta koko.

Baba ya miƙo mini littafinsa ya ce in ajiye ko da ba zan iya karantawa ba. Ranar Lahadi aka same shi a kujerarsa ya cika, likita ya ce zuciya ce. Littafin na nan cikin akwatina a Kano, ko kalma ɗaya ban iya fitarwa ba, kuma ban sake ce wa kowa Bature Bature ne ba.

Ban taɓa yin odar matajin nan ba. Amma bara ina wucewa a kasuwar Sabon Gari na ga irinsa a faranti, zanen nan dai, ashe ƙanen laban ya riga ya fitar da zubinsa. Mai kayan ya ce mata na son sa, har ya kusa ƙarewa. Na sunkuya in duba, sai na ga dogon farin gashi maƙale a jikin guda ɗaya.

Don Allah in kun ga mataji a ƙasa ku tsallake shi, kuma in kun sayi mai zanen dagi, ku je ku duba shi da kyau.