Ranar da Ruwan Teku Ya Tare Mana Hanya

Ana sallame sallar asuba muka bar Woodbridge, mu uku, kekuna biyu ɗaure a bayan mota. Ni aka ɗora wa aikin zaɓo hanyar da 'yan ƙungiyarmu za su bi a tattakin motsa jiki na bana, masu ƙafa da masu keke. Tare da ni akwai wata nas 'yar Jos, da wani dattijo direba ɗan Maraɗi mai ciwon suga. Shi ya nace sai ya gwada hanyar da ƙafarsa, wai in shi ya iya, kowa ma zai iya.

Da hantsi muka isa wani ɗan gari a gaɓar tekun Chesapeake. Ko'ina tallar kaguwa, ga tsada kamar naman rago ranar jajibirin salla. Dattijo ya leƙa tukunyar wani mai sayarwa ya ce shi dai ba ya cin kunamar ruwa.

Hanyar da na zana a waya siririyar kwalta ce, ta ratsa fadama zuwa wani tsibiri. Muka duba sama, tas, ko ɗigon hadari babu. Muka ajiye mota muka shiga, muna tura kekuna don kada mu bar dattijo a baya.

A dawowa ne muka tarar babu hanya. Wallahi babu! Ruwa ya shafe kwaltar, yana ta ƙaruwa shiru. Mu da muka san ruwa ba ya cika sai da damina, wa ya taɓa gaya mana na teku kullum sai ya hau ya sauka?

Muna cikin shawarar jira sai dattijo ya fara rawar jiki, gumi na keto masa. Nas ta kama hannunsa.

"Baba, ina dabinonka?"

"Yana mota, ɗiyata."

Ta dube ni ta ce sugansa ya faɗi, ba zancen jira. Muka ɗora shi kan keke, ni riƙe da kan keken, ita tallabe da bayansa. Ruwa har gwiwa, sanyi na cizo, hagu da dama taɓo ne mai haɗiye ƙafa. Da tafin ƙafa nake laluben kwalta. Sau ɗaya taya ta zame, ya kife a kafaɗata yana salati, na ji kamar raina zai fita. Da muka kai mota nas ta yage ledar dabinon ta ba shi ya ci, jikinsa ya dawo daidai.

Na soke wannan hanya, na koma wata da ke kan tudu. Na kuma koyi cewa a bakin teku, kafin ka zana wa mutane hanya, sai ka tambayi lokacin hawan ruwa.

Da la'asar muka sauke shi a ƙofar gida. Hajiyarsa ta dubi wandonsa da ya yi caɓa-caɓa da taɓo, ta dube ni.

"Kai ka ɗauke shi, ka kuma dawo mini da shi, na gode. Amma ba zai ƙara bin ka ba."

Gaskiyarta ce.