Gwangwanayen Lailatu

Lailatu 'yar Malam Mati ce, maɗinkin hula a Ƙofar Sauri. Ta sauke Alƙur'ani kafin ta shiga jami'a, inda ta himmatu ga kimiyyar nukiliya, ita kaɗai mace a ajinsu. A shekarar da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula ta kai ajin ƙarshe, aka ba ta binciken da digiri ba ya samuwa sai da shi: ta auna wata iska mai cutarwa da ke fitowa daga ƙasa, wadda ido ba ya gani. Ma'aunin guntun roba ne cikin gwangwani. Akan binne shi watanni, sannan a tono a duba tabon da iskar ta yi masa.

Ta dawo gida ta binne gwangwanayen a gindin katangun unguwa. Matan gida ta nemi izininsu, domin su ta tarar; mazan na yawon kamfe.

Ana gobe zaɓe, Alhaji Ado, ɗan takarar kansila, yana gyaran ƙofar gidansa aka haƙo gwangwani, baki a liƙe, ga lambobi a jikinsa. Nan take ya yanke cewa sammu aka yi masa. Kafin la'asar matasa sun tono sauran, sun tara a bakin masallaci, sun kwarara kananzir.

Lailatu ta iso, ta durƙusa a gaban Alhaji Ado.

"Baba, karatuna ne. A buɗe ɗaya a gani."

"Karatu a rami, 'yar Mati? Mu dai a allo muka san shi." Aka bushe da dariya. "Wa ya aiko ki?"

"A tambayi Hajiya, uwargidanka. Ita ta ara mini fartanya."

"Mi Hajiya ta sani?" Ya ƙyasta ashana.

Ta dubi dattawan da ke tsaye. Cikinsu akwai waɗanda suka karantar da ita haramcin mummunan zato da wajibcin tabbatar da labari. Ba wanda ya nemi shaida, ba wanda ya ce kul. Suka sunkuyar da kai suna jan carbi, sai ka ce shiru a gaban zalunci ibada ne.

Jami'a ba ta da wasu ma'aunan. Malaminta ya ce daman aikin fili ba na mata ba ne, daga nan bai sake ɗaukar ɗaliba ba. Lailatu ta maimaita shekara, ta fita da binciken da aka tsinto daga littattafan wasu.

Yanzu lissafi take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Kullum ta ƙofar Alhaji Ado take wucewa. Ba ta gaishe shi, kuma unguwa ita take zargi da rashin ladabi.