Shari'ar Ƙafar-Tsintsiya

Ƙarfe bakwai da rabi daidai, rediyon Baba ne ya faɗa kafin ya kashe shi don tattalin batir. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Kudan: Baba, Inna, Iya mahaifiyar Baba, sai ni. Zamanin soja ne, shekarun da sabulu sai an bi layi, kananzir kuwa sai labari. Saboda haka busasshen ɓawon rake muke hurawa mu ga fuskar juna.

Kwanana tara da ƙurji a wuya, yana faɗi yana ruwa. Inna ta riga ta yanke hukunci: tautau ne ya yi mini fitsari. A wajenmu duk ciwon fatar da aka rasa kansa, wannan gizo-gizon ake ɗora wa. Da la'asar ta ja randar Iya, ta tarar da masu laifin, wasu ƙwari masu dogayen ƙafafu sirara. Sun fi a ƙirga, sun cure wuri guda a jikin bango mai danshi kamar gashin da aka aske aka tara, curin yana motsi. Ta kwaso su a ƙoƙo. Wari ya tashi, irin na tsumman da ya kwana a ruwa. Wata ƙafa ta gutsure ta faɗi ƙasa, tana ta harbawa ita kaɗai. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take.

Nufin Inna ta daka su da toka ta shafa mini, wai abin da ya jawo ciwo shi ke maganinsa.

Iya ta ce, "Ajiye ƙoƙon nan tukuna. Kai maigidana, share majinar ka matso. Ga wata nan tafe."

Na ce, "Ta ƙaraso, Iya."

Ta ce wata rana 'yar Sarkin Ƙwari ta tashi da ƙurji. Dogarai suka kamo wani talaka mai suna Ƙafar-Tsintsiya, don an gan shi da ƙafa takwas. Alƙali kuwa hawainiya ce, ba ta gaggawa. Da fari ta ce, "In kai gizo-gizo ne, saƙa mana zare." Ya yi nishi, ya yi nishi, ko sili bai fito ba. Na biyu ta ce, "Nuna ƙugunka." Aka duba, babu. Gizo-gizo kai daban ciki daban, shi kuwa dunƙule yake kamar ƙwayar wake. Na uku ta ce a ƙirga idonsa, aka sami biyu tak. Na huɗu ta ce, "Ina dafinka?" Tsoro ya kama shi, ya saki wari har fadawa suka toshe hanci. Hawainiya ta ce, "Wannan ƙazami ne, amma ba mugu ba. Ku sake shi, ku nemi abin da ya sami yarinya."

Da ya fito, dangin gizo-gizo suka ce ba nasu ba ne. Masu ƙafa shida suka ce ƙafarsa ta yi yawa. Shi ya sa su Ƙafar-Tsintsiya suke curewa su kaɗai a bayan randa.

Inna ta ce, "To Iya, ai tatsuniya ce."

"Tatsuniya ce. Ƙoƙon fa, shi ma tatsuniya ne? Shekarata nawa ina kwana kusa da su? Duba wuyana. In ban da tamoji me kika gani?"

Baba ya yi dariya, ya ɗauki ɗaya ya kara kusa da wuta. Ya juya shi, ya ce, "Wallahi babu ƙugu." Ya ɗora shi a bayan hannunsa, abin ya yi tafiyarsa. Ni dai na kau da kai.

Da safe ya goya ni a keke zuwa ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya duba sau ɗaya ya ce makero ne, na sosa har ya zama gyambo. Ya tambayi Baba yaushe rabon da a wanke rigata da sabulu. Aka ba mu man shafawa, cikin mako uku ya bushe. Tabon yana nan.

Ban wuce firamare ba, amma na yi aikin duba-gari har na yi ritaya. Da ɗana ya shiga sakandare na ga hoton abin a littafinsa, na sa ya karanta mini. Ashe masana ma sun ware masa zuri'arsa daban. Ɗan uwan gizo-gizo ne daga nesa, kamar yadda kunama da kaska suke. Ba ya saƙa, ba shi da dafi, abincinsa ƙananan ƙwari da ruɓaɓɓun abubuwa. Iya ba ta san bihim ba, amma ta duba abin da sauran mutane suka tsaya ƙyama.

Ba zan yi ƙarya ba, har gobe ba na ƙaunar ganinsa. Sai dai a wajen aiki na shiga gidaje da yawa na tarar da yaran da gyambo ya ci, iyaye suna ta farautar tautau a bango.

Don Allah mai karatu, in ka ga ƙurji a jikin ɗanka, ka bar bango ya huta. Ɗauki yaron ka kai a duba shi, yau ba gobe ba.