Furen Bado da Idona na Dama

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa girman kai ne, to ga dalili.

Ofis ya tura ni da abokiyar aikina Hajara duba gonakin shinkafar da ambaliya ta cinye a wajen Kirikasamma. Cikin wata gona da ta mutu murus, sai ga bado ya yi fure, fari tas, ya rufe ruwan.

Na ɗaga waya zan ɗauka. Rana ta dalle ni, na kare idon hagu da tafin hannu. Sai rabin furannin suka ɓace, kamar an ja baƙin labule.

"Hajara, wayar nan ta lalace."

Ta karɓa ta duba. "Anti, wayarki ƙalau take."

A Haɗeja likita ya ɗiga mini magani, ya haska idon, sannan ya dube ni. "Hajiya, tantanin bayan idon ne ya ɓalle. Kano za ki, yau ɗin nan."

Aka yi aiki. Sarƙar da na gada wurin Inna ta tafi a kuɗin aikin. Kwana goma ina kife, fuska a ƙasa, ban sani ba ko zan sake karatu da idon.

A nan hassada ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin ina cin littattafai. Hajara ko takardar magani ba ta karantawa, amma tana hango kwarkwata a kan yaron maƙwabta. Na yi hassadarta. Na yi hassadar mai sharar asibiti. Har kajin gidanmu ban bari ba.

A rana ta huɗu Hajara ta zo, ta ɗauki littafina. Tana karantawa tana tuntuɓe, ina gyara mata daga ƙasa.

"Kai, Anti! Ko a kife ba kya barin masifa?"

Sai da ta kai ni ƙarshensa.

Alhamdulillahi, idon ya dawo, duk da layuka suna ɗan karkacewa. Allah ya saka wa likitoci da duk wanda ya yi mini addu'a.

Ku riƙa rufe ido ɗaya kuna gwada ɗayan. In kun ga walƙiya ko labule, ku ajiye tozali, ku nufi asibiti a ranar.

Ga hotunan bado biyu. Karkataccen nawa ne. Mai kyaun na Hajara ne, kuma har yanzu yana ba ni haushi.