Malama Rifkatu a Cikin Baro

Duk wanda ya yi makarantarmu ta mishan a Samaru ya san rawar Malama Rifkatu ranar godiyar kaka. Kowa zai kai amfanin gonarsa gaban bagadi ya koma ya zauna, ita kuwa tana nan tsakiyar coci da kwandon gyaɗa a ka, ta yi gaba kaɗan, ta dawo baya. Mu mawaƙa har waƙoƙi su ƙare mana! Wata shekara Fasto ya raɗa mata, "Mama, a ɗan ɗaga ƙafa."

Ta ce, "Ɗana, damina guda Ubangiji Yana ba ni ruwa bai gaji ba. Ni ce zan gode Masa a guje?"

Dokarta ɗaya ce: abin da hannunka ya noma, ƙafarka za ta kai. Malam Bitrus mai koyar da lissafi ya taɓa shigowa da doya zabga-zabga daga kasuwar Sabon Gari. Ta tare shi a bakin ƙofa, ta ce, "Sannu da ɗawainiya, Malam. Godiyar mai doya ka kawo, ina taka?"

Shekarar da akuyar maƙwabta ta cinye mata gyaɗar kuwa, sai ga Malama ta jawo akuyar da igiya, mai akuya na biye yana ba da haƙuri. Ta ce wa Fasto, "Godiyata tana cikinta. Ka yi addu'a a kai, na mayar masa da abarsa."

Bara ƙafafunta suka ƙi. Muka ce ta huta, mu kai mata dankalinta. Ta ɓata rai, har abinci ta ƙi ci. Ranar Lahadi sai ga baro ya shigo coci, jikanta na turawa, Malama a zaune ɗare-ɗare kan dankali tana rawa da kafaɗu. Dariya ta hana mai ganga kiɗa.

Fasto ya ce, "Mama, wanne ne baikon godiyar, ke ko dankalin?"

"Duka biyun. Ya zaɓi wanda Yake so."

Kafin ruwan farko na bana Ya zaɓa. Muna kewarki ƙwarai, Malama. Ubangiji Ya karɓe ki hannu bibbiyu, Ya ba ki hutawa a wurinsa. Amin.