Gorar Roba

Da maigidana ya ɗago hannu daga cikin tafkin nan ya yi kira, ni ya gani a bakin ruwa, ko wata ce can daban? Iska ta ɗauke maganar, ban ji abin da ya ce ba. Na tambayi ɗana da ke tsaye kusa da ni, shi ma bai ji ba. Har yau in na idar da salla nakan zauna a kan darduma in yi ta juya abin, ban sami amsa ba.

Ni ban yi karatu ba. 'Yata ce take rubuta wannan. Ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya zo mini sai ta ajiye ta jira.

Maigidana ɗan masunta ne daga bakin kogin Kwara. Tun kafin ƙafarsa ta yi ƙwari aka ɗora shi a kan gora. Ga wanda bai san ta ba, gora ƙaton duma ne da ake busarwa a yanke masa baki a sama. Masunci ya kwanta a kai rub da ciki, ƙirjinsa ya toshe bakin, yana tuƙi da hannu da ƙafa. In ya kama kifi ya ɗaga ƙirji ya jefa shi ciki. Ni kuwa 'yar manoma ce, ruwan da na sani na rijiya ne. Shi ya sa tun ina amarya yake ce mini 'yar tudu. Ko a gaban baƙi haka yake kirana, ba ya jin kunya.

Ya zo ƙasar nan ta Ingila da ƙuruciyarsa, ni na biyo shi daga baya. Ya tuƙa bas a Manchester har kansa ya yi fari. A unguwar Gorton muka zauna, a can muka goyi yara. Da ya bar aiki sai ya rasa abin yi. Ya je masallaci ya dawo, ya zauna a bakin taga yana kallon motoci. Abinci ma sai na yi ta fama.

Muna da wani maƙwabci, tsohon Bature da matarsa ta rasu. Shi ya ɗauki maigida wata rana zuwa wani tafki a cikin duwatsun bayan gari. Da yamma maigida ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"'Yar tudu, taso ki ji labari. Ashe mutanen nan suna da gora!"

"Gora a Ingila? A wace gonar suka shuka ta?"

"Ta roba ce. Hura ta ake yi."

"To Allah Ya sa kada ƙaya ta soke ta kana kai."

"Bakinki ya sari dutse," in ji shi, yana dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Bai huta ba sai da ya samo tasa. Ba ta yi kama da gora ba ko kaɗan. Kamar kujera take, an zagaye ta da roba mai iska ta baya da gefe biyu. Mutum ya zauna a tsakiya, ƙafafunsa na lilo a cikin ruwa, a ɗaura masa wani ƙyalle a kan cinya. Akwai wandon roba mai zuwa har ƙirji, da rigar ceto, da wasu faffaɗan takalma da na sa wa suna ƙafar agwagwa. Kifin da suke nema trout suke ce masa, mai ɗigo-ɗigo a jiki, ba ya zama sai a ruwan sanyi.

Ranar da zai fara shiga na bi su, da shayi a filas da kujerata ta ninkewa. Maƙwabcin ya yi ta gaya masa da baya ake shiga. Ina! Wanda aka haifa a bakin Kwara za a koya wa shiga ruwa? Ya nufi tafkin gaba gaɗi, ƙafar agwagwa ta harɗe, sai ga maigida a ƙasa, gemu cikin taɓo. Na yi dariya har shayi ya zube mini a zane.

"Ki yi ta yi," ya ce yana goge fuska. "Ke da ko a baho sai kin riƙe bango."

Daga ranar ya sauke kai ya koma ɗan koyo. In ya dawo sai ya zauna a falo ya yi mini bita, ko ina so ko ba na so. Da baya ake shiga, da baya ake tafiya. Kada ka yi ta bugun ruwa, ka motsa ƙafa a hankali kamar mai tafiya kada ya tashi jariri. Ka fara da nufar inda iska take fitowa, don in ka gaji ita za ta maido ka. Sabon shiga ya tsaya kusa da gaɓa, wajen ciyayin ruwa, a nan kifin yake kiwo. Ba tsutsa suke sawa ba. Gashin tsuntsu suke ɗaura wa ƙugiya ta yi kama da ƙwaro. Ka jefa, ka bari ta nutse, ka sunkuyar da bakin sanda kusa da ruwa, ka riƙa jan zaren kaɗan-kaɗan. In ka ji ya taɓa kada ka fizga, ka ɗaga sanda kawai. In an yi zafi kifin ya yi ƙasa, in sanyi ya fara ya hauro. Ni da ban taɓa riƙe sandar ba, duk na haddace.

Abu ɗaya ne bai taɓa kwanta masa ba. A wannan tafkin in ka kama sai ka jiƙa hannu, ka zare ƙugiya, ka mayar da shi.

"Wannan wane irin su ne?" yakan ce. "Ka kama kifi, ku gaisa, ka sallame shi. Da babana zai gani da ya tsine mini."

Amma yana mayarwa. Mun yi shekaru masu daɗi a haka. Yana cikin ruwa, ina gaɓa, jifa-jifa ya juyo ya ɗaga mini hannu ya ƙwala: "'Yar tudu, kina nan?" In ce: "Ina zan je?"

Mantuwa ta fara da ƙananan abubuwa. Ya sa hularsa a firij. Ya yi sallar azahar ya sake tayar da ita. Wata rana ya fita sayen burodi a kasuwar Gorton, sai wata mata ta rako shi gida, ya kasa gane layinmu. GP, likitanmu na unguwa, ya tura mu asibiti, suka ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, gaba zai yi ta yi. A cikin shekarar maƙwabcin namu ya rasu. Babban ɗanmu da ke Birmingham ya ce ba zai bar mu mu kaɗai ba. Ya kwashe mu zuwa gidansa a unguwar Handsworth. Gorar aka sace mata iska, aka ninke, aka jefa a saman rufi.

A Handsworth ya ƙarasa ɓacewa. Sunayen jikoki suka fara tafiya, sannan na 'ya'ya. Ran nan na kai masa koko da safe, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Hajiya. Masu gidan suna nan kuwa?" Na tsaya da faranti a hannu. Mutumin da na haifa wa 'ya'ya, na wanke wa kaya tun ina yarinya, yana gaishe ni kamar baƙuwa. Na shiga kicin na rufe ƙofa.

Daga nan Hajiya na koma. Ba ya yi mini faɗa, ba ya gudu na. Ladabi yake mini, ladabin nan kuwa ya fi duka ciwo. Ina kwana ɗaki ɗaya da shi, ina kewarsa.

Amma ruwa bai bar shi ba. Sai in gan shi a zaure yana tafiya da baya, yana ɗaga ƙafa a hankali. Ko ya zauna yana jan zaren da babu shi, kaɗan-kaɗan, daidai yadda ya koya. Sai na ce a raina, in hannunsa bai manta ba, wataƙila in ya ga tafki, ya juyo ya ga mace a kan kujera da filas, zai san ko wace ce. Sau ɗaya nake so. Ya kira ni yadda ya saba, ko da daga nan zai sake mantawa.

Na sami ɗana da maganar.

"Umma, it's not safe, akwai haɗari. Baba ko hanyar banɗaki ba ya ganewa."

"Hanyar ruwa yake ganewa."

"In wani abu ya faru fa?"

"Wani abu ya riga ya faru. Ko ba ka gani?"

"Umma, don Allah."

"Kai yana ce maka Malam, ka tafi aiki ka manta. Ni ina zan tafi?"

Ya tashi ya fita. Bayan 'yan kwanaki na ji yana motsi a saman rufi.

Ya nemo wani ƙaramin tafki a bayan Birmingham inda ake yarda da gorar roba. Lokacin ganye ya fara zuba, sanyi ya fara shiga. Ya sa wa uban rigar ceto ya ɗaure tam, sannan ya ƙulla doguwar igiya a jikin gorar ya riƙe ɗaya bakin. Duk tsawon hanya maigida yana zaune kamar ba ya tare da mu. Amma da ya ga ruwa sai ya miƙe. Da kansa ya sa ƙafar agwagwa. Ya tsinki ciyawa ya jefa sama ya ga inda iska take. Ya juya baya ya shiga, ya zauna, ya ɗaura ƙyallen a cinya. Babu wanda ya gaya masa ko ɗaya.

Na buɗe kujerata na zauna inda zai gan ni. Na ɗora filas a kan cinya.

Ya tafi a hankali, ya bi gefen ciyayi. Ya jefa, ya jira, ya fara ja. Ɗana yana sakin igiya yana share ido da kafaɗa. Can sai maigida ya juyo wajenmu. Ya ɗaga hannu ya yi kira. Na miƙe tsaye na ce, "Na'am? Me ka ce?" Iska ta juya, tana kaɗawa daga bayana zuwa gare shi. Na ga bakinsa ya motsa, shi ke nan.

Kafin in sake magana sandarsa ta lanƙwashe. Ya ɗaga ta yadda ya kamata, ya bar kifin ya gaji, ya jawo shi ya kama da hannu. Na ga cikin kifin yana walƙiya. Na jira ya mayar da shi. Bai mayar ba. Sai ya fara dube-dube a ƙasan ƙirjinsa, yana lalube. Nan take na gane abin da yake nema. Bakin gora yake nema.

Ya kwance ƙyallen. Ya juya jikinsa zai hau rub da ciki yadda aka koya masa yana yaro. Roba ba duma ba ce. Ta sulluɓe daga ƙarƙashinsa, ya kifa cikin ruwa.

Ɗana ya ja igiya da duk ƙarfinsa. Gorar ta taho da gudu, babu kowa a kai.

Rigar ceto ta ɗago shi. Wani mai su da ke kusa cikin ƙaramin kwalekwale ya isa gare shi kafin ɗana, wanda ya faɗa ruwan da kayansa. Suka fito da shi yana kakari, leɓɓansa sun canza. Na cire mayafina na lulluɓa masa. Yana ta karkarwa, hannunsa a dunƙule kamar har yanzu kifin yana ciki.

Sanyin ya sauka a ƙirjinsa. A asibiti suka ce huhu ne ya kamu. Suka yi iya yinsu, amma jikin ya tsufa. Ɗana ya daina cin abinci, yana cewa shi ya kashe ubansa. Na ce masa ya daina wannan magana, kwana ne ya ƙare, kuma ko a kan gado yake sai ya ƙare. Har yanzu ba ya bin hanyar da ta bi ta gefen ruwa.

Ina zuwa kullum in zauna a gefen gadon. Yawanci barci yake yi. In ya farka sai ya kalli silin. Na tambaye shi, "Malam, ran nan a ruwa me ka ce?" Bai ko juyo ba. Na sake tambaya washegari, sannan na bari.

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, yara sun fita shan iska, saura ni da shi. Na jiƙa auduga ina goga masa a leɓe. Sai ya buɗe ido tar, ya dube ni sosai. Ya daɗe yana kallona. Na matso da fuskata kusa don ya gani da kyau. Ya kama yatsuna ya matse, na ji sauran ƙarfi a hannun.

Sai ya yi mini magana, daga ita bai sake yin wata ba sai kalmar shahada da ɗana ya laƙƙana masa da magariba. Abin da ya ce mini shi ne:

"Baiwar Allah, kin yi mini kirki. Ki taimaka ki je bakin ruwa, matata tana can zaune tana jira na. Ki ce mata ta koma gida, akwai sanyi."