Baba Hambali da Lambar Fatihu

Kullum da an sallame Asuba, kafin masu tumatir su fito da kwanduna, za ka tarar da Baba Hambali da tsintsiyarsa a tsohon filin tanis ɗin da ke bayan Kura. Ya share, ya tsige ciyawar da ta tsago siminti, ya ɗaura ragar da facinta ya fi jikinta yawa. Da hantsi ya kwance, ya bar wa mata su shanya shinkafa. La'asar na yi a kwashe, wasa ya dawo. Shekara talatin da huɗu ke nan, sai a watan nan ya ce gwiwa ta ƙi, zai ajiye tsintsiya.

Ni dai ban taɓa gane wasan nan ba. Mutum ya ci ɗaya a ce sha biyar, ya ƙara a ce talatin, kana jiran arba'in da biyar sai ka ji arba'in. Na tambayi Baba ina biyar ɗin ta shiga, ya ce shi ma haka ya tarar.

A filin nan ya raini Fatihu, ɗan Alhaji Hamma na Bunkure, har ya kai ga yawon gasar ƙwararru. Alhaji ga shanu, ga gonakin shinkafa, ga tsufa, kuma Fatihu ne kaɗai ɗansa namiji. A farkon shekara ya kafa sharaɗi a gaban mutane: in kakar wasa ta ƙare lambar Fatihu a jerin 'yan wasan duniya ba ta gyaru ba, ya ajiye raket ya dawo gona. Fatihu ya yarda.

To, daga nan kanmu ya ɗaure. Duk sakamakon da ya shigo waya, wajen Baba ake kai shi fassara. A Masar aka fitar da Fatihu a wasa na uku, muka je jaje, Baba ya ce barka za mu yi. A Tunisiya ya ci uku a jere, mata har da guɗa, Baba ya ce na share fage ne, ba maki. Akwai makon da ko ƙwallo bai taɓa ba, lambar ta motsa. Liman da kansa ya tare Baba ya ce, "Malam Hambali, addu'ar nan, lambar ta hau za mu roƙa ko ta sauka?"

"Ta sauka, Allah gafarta Malam."

"Ikon Allah! Ashe wata biyu ke nan baya nake mai da yaron."

Da kakar ta ƙare, wasannin da Fatihu ya ci sun fi na bara, kowa ya san wannan. Alhaji ya zo filin da la'asar, Fatihu na bayansa, kai a sunkuye.

"Malam Hambali, ni ban san kan wasan nan ba. Kai zan tambaya. Ta gyaru ko ba ta gyaru ba?"

Baba, da ka ce ta gyaru, duk wanda ke wurin, ban da Fatihu, ba mai iya ƙaryata ka. Ni har ƙifta maka ido na yi. Ka dubi Alhaji ka ce, "Ba ta gyaru ba, Alhaji. Ya koma baya da mutum ɗari da arba'in."

Wallahi na ji haushinka a ranar. Wahalar shekara goma sha biyar, ka zubar da bakinka!

"Ya ci fiye da bara, kuma ya koma baya?" in ji Alhaji.

"Kofin da ya ɗauka bara, makinsa shekara guda yake yi ya ƙare. Kamar ban-ruwa ne, na wancan makon ba ya shayar da shukar wannan makon."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "In ɗanka ne fa?"

"Da na ƙara masa shekara. Bana ya fi bara iya wasa, lambar ce ba ta nuna ba. In baɗi ma ba ta nuna ba, ni zan rako maka shi gona."

"Har yanzu ban gane ba," in ji Alhaji. "Amma da ka so ka rufe ni, da ka rufe ni. Fatihu, je ka. Shekara ɗaya."

Fatihu, ƙato da gemunsa, ya durƙusa yana kuka.

Kai ne mai gaskiya a inda ƙarya ba za ta tonu ba, Baba Hambali. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya sa ka gama lafiya. Sauran mu kuwa, mai awon taki, da mai duba inji, da mai karanta wa tsoho takardar asibiti, kowa akwai ranar da wanda bai sani ba zai tsaya a gabansa ya ce, "Kai zan tambaya." A ranar, a tuna da Baba.

Har gobe ban san ko Fatihu gaba yake yi ko baya ba. Amma ranar da Baba ya ce min ta gyaru, ba zan nemi shaida ba.